Wankan kare a gida: daga taje gashi zuwa yankan farce

A yawancin gidajenmu kare ma'aikaci ne. Ko dai yana gadi, ko yana bin mafarauci daji, ko yana tare da garke. Abinci da ruwa ake tuna masa da su, wanka kuwa sai ranar da warinsa ya hana mutane zama a tsakar gida. Ranar sai a sa yaro ya ɗaure shi a gindin bishiya, a watsa masa ruwan rijiya, a barbaɗa masa Omo, a ce an gama. Bayan kwana biyu ka ga kare yana susa kamar zai yage fatarsa, mai gida kuma ya ce ai ƙuma ce ta dawo. Ba ƙuma ba ce, sabulun ne.

Na daɗe ina riƙe da karnuka, na gida da na Turawa, kuma abin da na lura shi ne wankan kansa ƙaramin aiki ne. Amfaninsa babba shi ne ranar ce kaɗai hannunka yake bin jikin dabbar tun daga hanci har wutsiya, ka ga kaska, ka ga ƙurji, ka ga ƙayar da ta yi mako a ƙafa. Wanda ya yi wankan da gaggawa ya zubar da wannan damar.

Sau nawa, kuma da wane lokaci

Fatar kare tana fitar da wani maiƙo da ke kare ta, shi ke sa gashi sheƙi. Yawan wanka yana wanke shi, fata ta bushe, ta fara amosani da ƙaiƙayi. Karen gida mai gajeren gashi, irin wanda muka saba gani a kowace unguwa, wanka ɗaya a wata ko a mako shida ya ishe shi, sai fa in ya yi birgima a kwata ko a kan mushe. Haka ma masu santsin gashi irin su Boerboel da Rottweiler. Masu gashi biyu, wato na sama mai kauri da na ƙasa mai laushi kamar auduga, irin German Shepherd da Caucasian, su ma ba wanka suka fi buƙata ba, taje suke so, sau biyu ko uku a mako.

Lokacin da ya fi shi ne hantsi, rana ta ɗaga amma ba ta fara ƙuna ba, don kare ya samu wuni guda ya bushe. Da hunturu kada ka yi masa wanka da sassafe ko da yamma, kuma ka rage yawansa, domin iskar ta riga ta busar masa da fata. Da bazara kuma akwai tarkon da mutane ke faɗawa: ruwan da ya wuni a cikin tiyo ko a baƙin tanki yana iya ƙona fata. Bar shi ya zuba har sai ka ji ya huce a bayan hannunka. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, shi ne daidai.

Kwikwiyon da bai kai mako 8 ba ba a yi masa wanka, jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. Goge shi da tsumma mai laima ya wadatar. Karen da ba shi da lafiya, ko wanda aka yi wa ɗinki, ko karya da ta kusa haihuwa, duk a ɗaga musu ƙafa.

Kayan aiki, da abin da ba ya shiga cikinsu

Tara komai kafin ka kira kare, domin da zarar ya jiƙe ba ka da damar komawa ɗaki ɗauko tawul. Kana buƙatar bokiti biyu ko uku na ruwa, moɗa, sabulun kare na ruwa, buroshi da mataji, tawul biyu, auduga, hantsaki, safar hannu ta roba, igiya da abin wuya, sai ɗan abin lasawa na lallashi, ko busasshiyar hanta ko guntun nama. In dakalin da za a yi wankan yana da santsi, shimfiɗa tsohon buhu ko tabarmar roba. Karen da ƙafarsa ke zamewa ba ya tsayawa, kuma rabin faɗan da ake yi da kare wajen wanka tsoron faɗuwa ne.

Waɗannan kaya su zama nasa shi kaɗai. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma hadisi ya yi umarni da a wanke mazubin da ya sa baki a ciki sau bakwai, Shafi'iyya kuma sun fi tsanantawa. Ko ma wace fahimta mutum yake kai, ware bokitin kare da tufafin da kake sawa ranar wankansa ya fi kwanciyar hankali, kuma ta fuskar lafiya ma haka ya dace.

Sai batun sabulu, wanda nan ne aka fi yin ɓarna. Fatar kare ta fi ta mutum rashin kauri, kuma ba ta kai tamu tsami ba, don haka abin da aka haɗa domin jikinmu bai dace da ita ba. Sabulun wanki na gari, sabulun soda, da sabulun wanka mai ƙamshi duk suna busar da ita. Shagunan magungunan dabbobi suna sayar da na kare, kwalba ɗaya kuma takan yi watanni in ana tsarma ta da ruwa.

Akwai kuma abubuwan da ba busar da fata kaɗai suke yi ba, kisa suke yi. Fiya-fiya da Sniper, kananzir, baƙin mai na inji, Izal, maganin feshin gona. Duk na ga an shafa wa kare su da sunan maganin kaska ko ƙazuwa. Wani maƙwabcina ya ɗiga maganin ƙwari a ruwan wankan karensa, kafin la'asar kare yana dalalar da miyau, jiki na ɓari, yana tangaɗi. Da ƙyar aka ceto shi. Maganin yana ratsa fata, kuma kare yana lasar jikinsa. In hakan ta faru, a wanke shi nan take da ruwa mai yawa da sabulu mara ƙarfi, a ɗauki kwalbar maganin a tafi da ita wurin likitan dabbobi. Ɗura masa manja ko madara ba ya karya gubar, ɓata lokaci ne kawai, kuma yana iya shaƙe shi.

Taje kafin ruwa

Wannan matakin ne kowa ke tsallakewa. Gashin da ya cukurkuɗe in ruwa ya taɓa shi ƙara ɗaurewa yake yi, ya koma kamar dunƙulen kaba, ya riƙe laima a jikin fata har ta yi gyambo. Don haka a bushe ake tajewa. Fara daga wuya, ka bi yadda gashin ya kwanta, zuwa baya, haƙarƙari, cinyoyi da wutsiya. Wuraren da gashi ya fi ƙullewa su ne bayan kunne, hammata, da ƙarƙashin abin wuya. Riƙe gindin ƙullin da yatsu biyu don kada ka ja fatar, ka warware daga bakinsa kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, zura mataji tsakanin fata da ƙullin sannan ka sa almakashi a saman matajin. Ba a yanka ƙulli da ka, fatar takan shige cikinsa ba ka sani ba.

Karen da ke shiga daji da kaka yana dawowa da ƙarangiya a jiki. Ɗan man gyaɗa a yatsa yana sa ta zame.

Yayin da kake tajewa, ido da yatsa su yi aiki. Kaska tana son cikin kunne, tsakanin yatsun ƙafa, wuya da gefen ido. Kama ta da hantsaki daf da fata, ka ja a miƙe a hankali, ba murɗawa, ba fizga. Kada ka ƙona ta da ashana, kada ka matse cikinta, domin abin da ke cikinta jikin kare zai koma. Jefa ta a kwalba mai ɗan kananzir (nan ne kaɗai kananzir yake da aiki). Ƙuma kuwa ba kullum ake ganinta ba, kashinta ake gani: baƙin gari kamar barkono a gindin wutsiya. Zuba shi a kan farin tsumma mai laima, in ya koma ja, jini ne, ƙuma ce.

Da damina ka duba ciki da ƙafafu, musamman na kwikwiyo. In ka ga ƙurji kamar maruru da ƙaramin rami a tsakiya, mai yiwuwa tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a yashi inda kare ke fitsari ya kwanta. Toshe ramin da basilin, tsutsar za ta nemi iska ta leƙo, sai ka matsa gefe da gefe ta fito ɗungurungum. In sun yi yawa, aikin likita ne.

Wankan kansa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babban kare yana buƙatar mutum biyu, ɗaya ya riƙe kai yana masa magana, ɗaya yana wanka, kuma mai riƙon ya zama wanda karen ya sani, wanda ke ba shi abinci. Ɗaure igiyar gajere a ƙarfe ko turke mai ƙarfi, amma kada ka bar shi ɗaure shi kaɗai a kan wani tudu, yana iya tsalle ya rataye. Karen da ka san yana da saurin kai cizo, sa masa takunkumi, ba abin kunya ba ne. Sai dai ka cire da an gama, domin da haki kare yake sanyaya jikinsa, rufe masa baki cikin zafi haɗari ne.

Sa ɗan dunƙulen auduga a bakin kowane kunne, ba can ciki ba. Ramin kunnen kare yana sauka ƙasa ne sannan ya lanƙwasa ciki, ruwan da ya shiga ba ya fita da sauƙi, daga nan ciwon kunne ke farawa.

Fara zuba ruwa daga ƙafafu, ka hau cinya, baya, sannan wuya. Kai shi ne na ƙarshe, domin da kansa ya jiƙe zai girgiza, kai ma ka sha wanka. Mai kaurin gashi sai ka riƙa buɗa gashin da yatsu, in ba haka ba ruwan zai bi ta sama ya wuce, fata tana nan a bushe.

Tsarma sabulun a moɗa. Fara shafawa a wuya, ka zagaye shi da kumfa kamar sarƙa, don ƙumar da ke jiki in ta ji ruwa kai take gudu, kumfar ta tare mata hanya. Daga nan ka cuɗa baya, ƙirji, ciki, hammata, ƙarƙashin wutsiya, ka ɗaga kowace ƙafa ka wanke tsakanin yatsu. Da tafin yatsa ake cuɗawa, ba da farce ba, kuma ba da soson ƙarfe ko buroshin wanki ba. In sabulun magani ne da likita ya rubuta, yawanci ana barinsa kamar minti 10 kafin a ɗauraye. Duba agogo, minti 10 da jiƙaƙƙen kare a hannu yana da tsawo fiye da yadda kake zato.

Fuska ba a zuba mata ruwa. Jiƙa tsumma ka goge goshi, gefen ido da baki. Masu naɗaɗɗiyar fata a fuska, ka buɗa kowane ninki ka goge ka busar.

Sai ɗauraya, kuma a nan nake so ka daɗe. Kashi biyu cikin uku na ruwan da ka tanada na ɗauraya ne. Sabulun da ya rage a fata shi ne ke kawo susar da ake ɗora wa ƙuma laifinta. Zuba daga wuya zuwa wutsiya kana matse gashin da hannu, har ruwan da ke sauka ya zama garau, babu kumfa, babu santsi. In ka ga kamar ya fita, ƙara moɗa biyar a hammata da ciki da gindin wutsiya, nan yake ɓuya.

Busarwa

Ja baya ka bar shi ya girgiza, ya fi tawul ɗinka iya aikin. Cire audugar kunne. Danna tawul a jiki ya tsotse ruwan, kada ka murza da ƙarfi a kan dogon gashi, ƙulli zai dawo. In kana da na'urar busar da gashi, sa ta a mafi ƙarancin zafi, nesa da fata, hannunka a tsakani yana ji. Yawancin karnukanmu ƙararta kaɗai ta isa ta kore su, to ba dole ba ne.

Abin da duk mai kare ya sani shi ne, ka sake shi yanzu, turɓaya zai nufa ya yi birgima, aikin awa guda ya tashi a banza. Riƙe shi da igiya ku yi yawo a kan siminti, ko ka ɗaure shi a inuwa mai iska a wuri mai tsabta. Ba a shanya kare a tsakiyar rana kamar wanki. Mai gashi biyu kuma kada a mayar da shi keji sai ka zura yatsu har fata ka ji ta bushe, domin laimar da ta kwana a ƙarƙashin gashi tana zama jan gyambo mai ruwa cikin kwana ɗaya. Da ya bushe, sake taje shi, za ka yi mamakin gashin da zai zubo.

A nan zan tsoma baki a wata al'ada. Mutum ya sayi Caucasian, karen da asalinsa duwatsu masu sanyi ne, ya kawo shi Kano ko Sakkwato, watan Afrilu ya zo, tausayi ya kama shi, ya kira mai aski a yi masa ƙwal-kwabo. Gashin saman nan yana tare rana daga fata, in aka aske shi fatar ta ƙone, kuma sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Abin da ke rage masa zafi shi ne a taje mataccen gashin ƙasa ya fita iska ta ratsa, sai inuwa da ruwan sha. Ka dubi Azawak, karen Abzinawa na Nijar da Mali, siriri mai ɗan gashi kamar an shafa, ka ga irin jikin da ƙasar nan ta haifa.

Kunne, ido, haƙori

Ɗaga kunne ka duba, ka kuma shinshina. Lafiyayyen kunne ba ya wari. Jiƙa auduga da maganin wanke kunnen kare, ka goge iya inda yatsanka ya kai. Tsinken auduga ba ya shiga kunnen kare, tura dauɗar ciki yake yi. In ka ga ja, ko baƙar dauɗa mai yawa, ko kare yana karkata kai yana kaɗa shi, wanka ba zai warkar ba. Gefen kunnen da ƙudaje suka cinye har yana jini, abin da ya zama ruwan dare ga karnukan da ke ɗaure a waje, shi ma akwai man da ake shafawa, kuma sai an share kashi da ragowar abinci daga inda yake kwana.

Kwantsar ido a goge ta da auduga da ruwa mai tsabta, kowane ido da tasa audugar.

Babban kare yana da haƙora 42. Akwai buroshi da man goge baki nasu. Namu ba ya yi, domin kare ba ya tofarwa, kuma wasu suna ɗauke da wani sinadarin zaƙi mai suna xylitol da ke zama guba gare shi. Ko ba za ka goge ba, ɗaga leɓen ka kalli dasashi. Ja-ja mai haske shi ne lafiya. In ya yi fari fat ko ɗorawa, ga kasala, ga fitsari ya yi duhu kamar shayi, to mai yiwuwa cutar da kaska ke sawa ce ta cinye jini, kuma ba a kwana da ita a gida.

Farce da tafin ƙafa

Karen da ke yawo a kan tsakuwa ƙasa ce ke yanke masa farce. Wanda ke wuni a keji ko kan tayil kuwa farcensa tsawo yake yi, har ka riƙa jin ƙas-ƙas in yana tafiya. Bayan wanka farcen ya yi laushi, lokacin yanka ke nan. A cikin kowane farce akwai tsoka mai jini da jijiya. A farin farce ana hango ta ja-ja, sai ka tsaya kafin ka kai. A baƙi ba a gani, don haka ɗan kaɗan ake ɗauka, kana duba bakin yankan. Da ka ga wani ɗigo mai duhu ya bayyana a tsakiya, tsaya. In ka kuskure jini ya fito, kada ka ruɗe, danna garin sitaci ko garin masara a wurin na ɗan lokaci, zai tsaya. Abin yankan farcen kare daban yake, reza ba ta yi.

Kada ka manta da ɗan yatsan nan da ke sama a gefen ƙafar gaba. Ba ya taka ƙasa, ba ya cinyewa, yana iya lanƙwasawa ya shige cikin nama.

Duba tafin ƙafa ko akwai tsidau ko kwalba. Da hunturu yakan yi faso kamar diddigen mutum, ɗan man kaɗe da dare yana taimakawa.

Karen da bai saba a taɓa masa ƙafa ba, kada ka ce sai ka yanke duka rana ɗaya. Yau farce biyu da guntun nama, gobe biyu. Wanda ya samu kwikwiyo kuwa ya fara tun yanzu, ya riƙa kama ƙafa, buɗa baki, ɗaga kunne, ko ba abin da zai yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Boerboel mai kilo 60 ba ya tanƙwaruwa.

Kaska a bango take

Mutane da yawa suna wanke kare tsaf, bayan mako guda kaska ta dawo, su ce maganin jabu ne. Jar kaskar kare ba a jikinsa take rayuwa ba, ci kawai take zuwa yi. In ta ƙoshi sai ta sauka ta shige tsagar bango ko katakon keji, macen ta zuba ƙwai dubbai. Haka ma ƙuma, ƙwanta da tsutsarta suna cikin shimfiɗa da ƙurar ƙasa. Saboda haka ranar wankan kare ita ce ranar wankan ɗakinsa. Fitar da shi, share, wanke da ruwa da sabulu, wanke buhun da yake kwanciya ka shanya a rana, liƙe tsagogin bango da siminti. In za a yi feshi, kare da kwanon abincinsa su yi nisa har wurin ya bushe sarai.

Maganin da ake sa wa jikinsa kuma iri-iri ne. Akwai na ɗigawa a ƙeya irin Frontline, wanda ba a yin wanka kwana biyu kafinsa da kwana biyu bayansa. Akwai na haɗiya, NexGard na wata-wata, Bravecto na mako 12, waɗanda wanka bai shafe su ba. Akwai amitraz da ake tsarmawa a ruwa, wanda makiyaya suka sani saboda shanu. Yana aiki, amma ma'aunin saniya ba na kare ba ne, kuma ba a sa wa ƙaramin kwikwiyo, don haka likita ne zai faɗi yawan ruwan. Duk maganin haɗiya da nauyin kare ake auna shi. In akwai kyanwa a gidan, ka sani maganin kare mai permethrin yana kashe ta.

Wanda ke sa hannu a bakin kare da kunnensa ya tabbatar an yi wa karen allurar rigakafin haukan kare, ta farko yana wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Asibitocin dabbobi na jihohi suna yi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos ma tana haɗa allurar. In aka yi tsautsayi ya cije ka ko ya yakushe ka wajen wanka, ko da karenka ne, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ka ɗauki katin rigakafinsa ka tafi asibiti a ranar.